Ƙuri'ar Tabawa

Doka ta ce waɗanda suka ga yaƙin kaɗai za su yanke hukunci kan mutum-mutumin Shugaba Jatau: a bar shi ko a rushe. Malam Barau yana ƙaunar marigayin, don hatsinsa ya raya su. Matarsa Tabawa kuwa, sojojin Jatau ne suka tafi da ƙaninta.

Yanzu ta makance. Ya ja ta har gaban na'urar zaɓe.

"Sannunku," in ji na'urar. "Ku biyu kuka rage a garin nan cikin waɗanda suka ga yaƙin."

"Malam, ina wurin rushewar?"

Ko'ina ya ɗora hannunta, ba za ta sani ba. Ya kai yatsanta inda ta nema.

"Ga shi, Tabawa. Danna da ƙarfi."