Hayaƙin Rijiyar Kanwa

Rijiyar Kanwa tana arewa da Tanut, inda fataken gishiri suka haƙa rijiya suka zauna. Rijiyar ta ƙafe tuni. Yanzu kullum da safe jirgi maras matuƙi yana ƙirga hayaƙin murhu. Garin da bai kai gida biyar ba, a share shi daga taswira, motar ruwa ta daina zuwa.

Gida uku suka rage. Shi ya sa Inna Tasalla take ɗaukar garwashi a kasko ta hura wuta a kangaye biyu. Har yau sai ta yi sallama kafin ta shiga.

Ranar Talata Sahabi ya iso daga Damagaram, ya hangi hayaƙi a gidan marigayiya mahaifiyarsa. Ya shiga, ya tarar da Inna Tasalla a bakin murhu.

"Inna, wa ya tare mana a gida?"

"Ba kowa, ɗan nan. Sannu da hanya."

Ya dubi murhun. Turmin mahaifiyarsa ne, an faskara, rabi yana ci.

"Itace ya ƙare?"

"Tun bara. Da ƙofofi muka fara." Ba ta ɗago kai ba.

Ƙugin jirgin ya taso daga gabas, wutar kuwa tana neman mutuwa. Sahabi ya tsuguna, ya tura sauran turmin, ya hura.