Mai Hana Aiki Tafiya

"Saura minti ashirin a rufe karɓar takardun kwangila," in ji Manaja. "Injiniya, in manhajar nan ba ta buɗe ba, ka tattara kayanka."

Yau kwana uku kwamfutocin ofishinmu ke jan ƙafa. Na sauya kebul, na kashe rauta mai raba mana intanet na kunna, na sa kowa ya kashe wayarsa. A banza. Sakatariya har ta fara hawaye, don ita Manaja yake zargi da kallon fim.

Na sake duba na'urorin da ke kan layi. Akwai wata baƙuwa, sai zuƙe intanet take yi. Na bi kebul ɗinta da rarrafe har bango, ya shige bayan agogo. Na fizge kebul ɗin. Nan take manhaja ta buɗe, takardu suka tafi.

Na sauko da agogon. Kyamara ce a ciki.

Manaja ya gyara murya. "Shekaranjiya na sa ta, don in kama mai hana aiki tafiya."

Sakatariya ta share hawayenta. "Ai kuwa an kama shi, ranka ya daɗe."