Masu Wanka a Bayan Jirgi

A saman teburin da ya fi kowanne kyau a otal ɗin aka rataye zanen. Teku ce da hantsi, jirgin ruwa ya ba da baya yana tafiya, kawunan mutane birjik a cikin ruwa. A ƙasa an manna ɗan allo: "Ranar Annashuwa."

Malama, wadda ta daɗe da yin ritaya, ta zo duba ɗakin da za a yi walimar auren jikarta. Ta tarar da wani ƙato a ƙarƙashin zanen yana tsotsar ƙayar kifi, maiƙo na bin gemunsa. Ta sa aka kira manaja.

Ya iso da murmushin da yake sayar wa baƙi. Ya ce jirgin kakan mai otal ne, daga shi arzikin gidan ya faro. Hasken da ke kan ruwa, wai alamar zamanin lumana da ciniki ne. Mutanen kuwa fasinjoji ne da suka sauka wanka. Ita kuma matar da ke gefe, wadda ta ɗaga ƙunshi sama, tallan kifi take yi.

"Wa ka taɓa gani ya shiga wanka da mayafi?" in ji Malama. "Kuma wane jirgi ne ke tafiya ya bar masu wanka?"

"Mama, zane ne fa, ba jarrabawa ba."

"Da jarrabawa ce, da sifili ma ya yi maka yawa."

Ta faɗi buƙatarta dalla-dalla: a cire allon, a sauke zanen daga inda ake cin abinci, mai otal ya fito ya faɗi abin da kakansa ya aikata. In ba haka ba, jikarta ba za ta ci ko loma a ɗakin nan ba.

Manaja ya ɗaga kafaɗa. "Mai zanen ya rasu, Mama. Kowa da fassararsa."

Malama ta san ya rasu, ita ta yi jinyarsa. Masunci ne. Kwalekwalensa ne ya fara isa wurin, bayan mai jirgi ya ga ruwa na shiga, ya zaɓi kaya, ya zubar da mutane a teku. Matar ba ta tsira ba. Ƙunshin kaɗai ya iya karɓa daga hannunta, ya kai gida, ya raini abin da ke ciki har ta zama malamar makaranta.