Kek ɗin Shayin Mama

Mama ta gutsuri kek ɗin, ta tauna a hankali.

"Da shayi na kwaɓa shi," in ji Auta, tana murmushi. Sau uku ta gasa kafin ɗanɗanon ya fito, don yau Mama ta cika shekara saba'in. "Ai na san abin sonki ne. Muna yara, kullum mu ci abinci, ke ki sha shayi."

Mama ta yi dariya. "Auta ke nan! Ni fa ko ƙanshinsa ba na so. Tukunyar ce ba ta isarmu mu shida."

Ganin fuskar Auta ta canza, sai ta yi sauri ta sake gutsura. "Amma ya yi daɗi."

Auta ta riƙe mata hannu. "Bari, Mama. Don Allah, bari haka."