Mu'awiya a Gidan Tarihin Baƙi

Mu'awiya ne ya fara shiga motar, kuma gaba ya haye ba tare da kowa ya ce masa bismillah ba. An idar da sallar asuba ke nan a Alexandria, garin da ke da tafiyar 'yan sa'o'i a mota zuwa New York, mutum tara 'yan ƙungiyar Nijar za su New York yawon buɗe ido, shi ne na goma, shi kaɗai ne Bakano, shi kaɗai ne kuma da kwat.

Ba don yawo ya zo ba. Wata uku ke nan yana neman Nafissa, ɗalibar da ta tashi a hannun gwaggonta, Tanti Rabi'atu, tun tana jaririya. An ce masa babanta zai ba da amsa bayan tafiyar nan. Sai ya gane abin yadda ya ga dama: Tanti za ta auna shi, ta buga waya Maraɗi. Bai taɓa tambayar inda uban yake zaune ba. Ina ya ga lokacin tambaya, mutumin da ke karanta labarai a rediyo, wanda ko gaisuwa yake yi sai ka ɗauka labaran duniya ne!

Direban wani dattijo ne, Hamidou, ɗan tasi, da wata hula da ta sha wanki. Ya gaisa da kowa, har ya tsokani Tanti, amma da Nafissa ta durƙusa sai ya kau da kai yana gyara madubi. Mu'awiya ya ji haushi. Wato ɗan tasi har ya samu bakin raina wadda zai aura.

Tun daga nan ya ɗora masa karan tsana. Ya koya masa tuƙi, ya gyara masa Hausa, ya ce su na Nijar sun ɓata harshe da Faransanci. Dattijon dai "to" ne da "madalla". Nafissa tana can baya, kai a sunkuye, ko ruwa ta ƙi sha.

Da suka isa New York suka shiga jirgin ruwa kuwa, abin ya ci tura. Da suka matso kusa da gunkin matar nan mai riƙe da fitila, Mu'awiya ya gyara murya ya shiga bayani, shekara kaza, tsawo kaza, duk daga takardar da aka raba wa kowa a bakin ruwa. Ya miƙa wa Hamidou kyamara ya ce ya ɗauke shi da Nafissa. Dattijon ya juya kyamarar a hannu, ya miƙa wa Tanti.

"Yarinyar nan ba ta son hoto," ya ce, idonsa na kan ruwa.

Yarinyar nan! Ko sunanta bai iya kamawa ba. Mu'awiya ya yi tsaki, ya ƙudura sai ya nuna wa tsohon nan matsayinsa a gaban kowa.

Damar ta zo a tsibiri na biyu, bayan na gunkin, a gidan tarihin baƙin da suka yi ƙaura zuwa ƙasar. Ƙaton zaure ne, da tsofaffin akwatuna an jibge su, da hotunan mutane a layi ana duba idanunsu. Hamidou ya daɗe a gaban hoton wani mutum rungume da ƙunshin kaya, har ya cire hula ya mayar.

"Ka gan su nan, malam direba," in ji Mu'awiya da ƙarfi. "Waɗannan ta ƙofa suka shigo, aka rubuta sunansu. Ba irin namu ba, a zo da bizar ziyara a ɓace cikin tasi shekara ashirin. Kai ta wace ƙofa ka shigo?"

"Ta wadda Allah ya buɗe mini."

Ba wanda ya yi dariya, amma shi bai lura ba. Ya juya wajen Tanti cike da jin daɗi, ya ce shi ya sa yake bincike kafin aure, don ba zai haɗa zuri'a da irin waɗannan ba, 'ya'yansa su tashi suna kunyar kakansu. Nafissa ta fita da sauri, mayafi a fuska. Ya ce a ransa kunyarsa take ji, har ta ƙara burge shi. Kai, wauta dai ba ta da magani!

A jirgin komawa ya bar sauran suna cin dambu, ya lallaɓa gefen Tanti. Da gaske yake son yarinyar, kuma bai yi shakkar ya ci jarrabawa ba.

"Tanti, yaushe zan ji daga wajen Baba?"

"Ai ya riga ya ba da amsa. Ya ce a ba ka haƙuri, ka nemi wata."

Ya kama ƙarfen jirgin.

"Har kin buga masa waya? Me kika gaya masa?"

Tanti ta dube shi sama da ƙasa, ta taɓe baki.

"Wace waya kuma? Kai Bahaushe ne, ba ka san kunyar ɗan fari ba? Nafissa 'yar farinsa ce, shi ya sa ba ya kallonta, ba ya kama sunanta. Tun asuba shi yake tuƙa ka."