Akuyar da ta koma saniya a bakin ƙofa

Tunda ka ce ka duba aikin nan har idonka ya yi ja ba ka ga inda ka kuskure ba, Malam, gyara zama in ba ka misali.

An yi wata mata mai rubuta manhajar kwamfuta. Wani likitan dabbobi ya ba ta aikin manhajar da za ta riƙa auna wa kowace dabba maganin tsutsar ciki. Ta tsara abin da kyau. A cikin manhajar kowace halitta sunanta dabba, amma tana ɗauke da shaidar jinsinta, ko saniya ko akuya ko raƙumi, domin ma'aunin da zai warkar da saniya shi zai kwantar da akuya har lahira. Ana shirin fita rugage sai ta yi gwajin ƙarshe da akuya, allo ya nuna mata ma'aunin saniya. Ta tuna makiyayan da suka yarda za su tara garkensu don kawai sun amince da likitan nan. Nan take ta kira shi ta ce a dakata da fitar. Ta bi rubutunta layi bayan layi, ta goge ta sake, abokin aikinta ma ya duba bai ga aibu ba. Har ta fara raya wa ranta ko sana'ar ce ta fi ƙarfinta.

Da dabara ta ƙare, sai ta sa manhajar ta riƙa faɗin jinsin dabbar a duk inda ta wuce. A wurin rajista, akuya ce. A bakin sashen awon magani ma akuya ce. Tana shiga ciki ta koma saniya. Ashe a wannan ƙofar ba ainihin bayanan dabbar ake miƙawa ba, kwafinsu ake yi. Shi kuwa kwamfaila, wato manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa harshen da na'ura ke ji, yana da ɓoyayyen lahani. Idan ya zo yin kwafin, nauyin dabbar da shekarunta da sunan mai ita duk zai kwashe daidai, amma ya yar da shaidar jinsi ya manna ta saniya. Matar ta ɗauki rubutun nata yadda yake ta ba wani kwamfailan daban, akuya ta shiga akuya ta fito akuya. Ta jingina da kujera ta sauke doguwar ajiyar zuciya, ta ce, “Alhamdu lillahi, ashe ba ni ba ce.” Ta gyara wurin yadda za a riƙa nuna wa sashen awo ainihin dabbar ba kwafinta ba, ta sanar da masu kwamfailan farko don su toshe ɓarakar, sannan ta kira likita ta ce su ɗaura kaya. Aka zaga rugagen nan kaf, ko akuya ɗaya ba ta kwanta ba.

Kai ma kada ka yi saurin ɗora wa kanka laifi. Je ka duba abin da ya fita daga hannunka da abin da ya isa can, ko da sun yi kama kamar an tsaga kara. Ai Bahaushe ya riga ya faɗa: kama da wane ba ta wane.