Ƙofar da Lucyna Ta Kulle

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da tsoho Feliks, 'yarsa Lucyna ba ta sake samun barcin kirki ba. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke ba shi romo da cokali, sannan ta ruga gidan burodin da take aiki. Duk da haka ba a taɓa rasa ta a coci ba. Ita ce mai jera furanni a gaban bagadi, kuma matan ƙauyen in suna yi wa 'ya'yansu faɗa, da ita suke misali.

Abin da ba su sani ba, ɗakin tsohon ya fi ƙarfinta. Zarni ya kama katifa da bango, bayansa ya fara gyambo saboda kwanciya. Shi ya sa ba ta barin baƙo ya wuce falo.

Bayan Kirsimeti, kamar kowace shekara, Fada Ignacy ya fara bin gidaje yana sa albarka. Da ya kusa layinsu, Lucyna ta wanke labule, ta goge tagogi cikin wannan sanyi har yatsunta suka tsattsage. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ta ɗora gicciye da kyandir da kwanon ruwa mai tsarki.

"Wai Fada ne zai zo ko Paparoma?" in ji mijinta Waldek da ta tashe shi daga kujera. "Ni ma ki goge ni ki ɗora a teburin mana."

Feliks kuwa ya fi kowa ɗokin ranar. Rabonsa da coci tun kafin ya kwanta, ga shi yana jin ƙarfinsa na tafiya. Akwai abin da ke cin ransa, ya ce ba mai ji sai Fada. So yake ya furta zunubinsa, ya samu gafara kafin ya gamu da Mahaliccinsa. Ya sa ta aske masa gemu, ta sa masa farar rigarsa.

"Lucyna, kar ki bari ya tsaya a falo. Ki shigo min da shi."

"Zan shigo da shi, Baba. Daina motsi kar in yanke ka."

Ana cewa Fada ya shiga gidan maƙwabciyarsu Genowefa, sai cikin tsoho ya ɓaci. Ya ɓata rigar da zanen gado, wari ya cika ɗakin. Lucyna ta tsaya riƙe da bokiti. Ta san Genowefa sai ta rako Fada har ciki kamar yadda ta saba, kuma kafin rana ta faɗi duk ƙauye ya ji irin ɗakin da mai jera furanni ta ajiye ubanta. Aka ƙwanƙwasa ƙofar gida. Ta ajiye bokitin, ta ja ƙofar ɗakin, ta murza makulli.

Fada ya yi addu'a, ya yayyafa ruwa a falo, ya yaba tsabtar gidan. Genowefa na shafa labule tana cewa ita kam in ta yi irin wannan wanki sai an kwantar da ita asibiti. Da Fada ya tambayi inda tsoho yake, Lucyna ta ce ya sha magani ya yi barci, kuma likita ya hana a tashe shi.

Sai aka ji bugu a bango, a hankali, irin na sanda. Waldek ya sunkuyar da kai. Lucyna kuwa ta ce bututun ɗumama gida ne, haka yake yi in sanyi ya tsananta. Fada ya ɗan dube ta, ya ce duk ranar da tsoho ya shirya a kira shi, ko ƙanƙara ake zubawa zai zo. Wasu gidajen na jiransa, ya wuce.

Da ta buɗe ɗakin, sandar na ƙasa. Feliks bai yi mata faɗa ba. Ya bari ta wanke shi, sannan ya juya fuskarsa bango.

"Zan kira shi, Baba. Bari dai in sake katifar nan, Waldek ya yi wa bangon fenti."

"Allah ya san warina, 'yata," ya ce. "Ai Shi ya yi ni."

Da gaske ta yi niyyar kira. Amma fenti sai sanyi ya ragu, katifa sai an shiga gari, ga aiki, ga gajiya. Kullum sai ta ce mako mai zuwa. Tsohon bai sake tambaya ba. Ya rage ci, ya rage magana. Wata safiya ta shigo da ruwan ɗumi, ta tarar ya cika. Ranar Fada ya shiga ɗakin. Ko bangon bai kalla ba, ya durƙusa gefen katifar ya yi addu'a a kan wanda ba ya ji.

A maƙabarta mata suka riƙa rungumar ta suna yabon jinyar da ta yi. Genowefa ta riƙe hannunta ta ce, "Ke dai kin fita haƙƙinsa, 'yar uwa. Ba abin da ya nema ya rasa." Lucyna ta gyaɗa kai. Sunan da ta kare yana nan daram, amma har ta mutu ba za ta san da wane nauyi ubanta ya tafi ba.

Mai karatu, addinin da ake ƙawatawa don idon maƙwabta kan danne haƙƙin na cikin ɗaka. In jinya ta fi ƙarfinka ka faɗa a taimake ka, kada kunyar mutane ta sa ka shiga tsakanin majinyaci da Ubangijinsa.